Yadda za ka tono tarihin tsohon gidan zu ko wurin wasan yara da anka rufe

Akwai wani irin wuri da tarihinshi ke saurin ɓacewa fiye da na masallaci ko kasuwa ko fada, wato wurin da wani mai hali ya buɗe da kuɗinshi ya zuba barewa da jimina da birai, wani lokaci har da kada ko kura, ya kafa lilo da ƴan dawakan ƙarfe masu juyawa, yara suna biyan ƴan kuɗi suna shiga ranar sallah. In mai wurin ya rasu ko kuɗi sunka ƙare sai a rufe, bayan ƴan shekaru a yanka hilin a saida, a yi gidaje da shaguna, shikenan. Babu ma'aikatar da aka ɗora ma aikin ajiye labarinshi don ba na gwamnati ba ne. Ni kuwa abin nan shina damuna ƙwarai, saboda wurin da mutum ya fara ganin kada da idonshi shina ɗan shekara 7 ba ƙaramin wuri ba ne a rayuwarshi, kuma in ka duba da kyau za ka ga tarihin arzikin gari da talaucinshi duk suna cikin labarin wurin. To in a unguwarku ko garinku an taɓa yin irin wanga wuri, nan Maradi ko Tasawa ko Madarunfa ko ƙetaren iyaka, ga yadda za ka bi ka tattara labarin tun masu saninshi suna raye.

Bari in fara kawo misalin waɗanda sunka yi aikin ya yi kyau, don ka ga abin da ake nema. A birnin Manchester na Ingila, wanda samarinmu sunka sani ta hanyar ƙwallo, an yi wani wuri ana ce mishi Belle Vue. Wani mai aikin lambu, John Jennison, shi ya buɗe shi a 1836, kuma tun kafin nan da ƴan tsuntsaye ya fara a lambun gidanshi, mutane suna zuwa kallo. Shi ne gidan zu na farko a Ingila da aka kafa da kuɗin mutum ɗaya ba na hukuma ba. Iyalinshi sunka riƙe wurin har 1925, ya girma ya haɗa namun daji da kayan wasa da zauren rawa da hilin tseren babur, har ya kai mutum wajen miliyan 2 ke shiga a shekara lokacin da shike tashe. A 1872 sunka sayi wata giwa mai suna Maharajah a Edinburgh, ta ɓarke taragon jirgin ƙasan da za a ɗauko ta, sai mai kula da ita Lorenzo Lawrence ya taho da ita a ƙasa kwana 10 har Manchester, ƙasusuwanta suna gidan tarihin birnin har yanzu. A watan Satumba na 1977 anka rufe sashen dabbobi saboda asara, wurin wasan ya biyo baya a 1980, yau in ka je sai gidaje da wasu gine-gine. Amma an san duk wanga labari dalla-dalla saboda littattafan lissahin iyalin da takardun talla da hotuna suna ajiye a wani tsohon ɗakin karatu na birnin mai suna Chetham's, kuma tsofaffin ma'aikata da ƴan kallo sun ba da labari an rubuta. Mu nan takarda ba ta daɗewa, gara da damina da ƙaura suna cinye ta, don haka rabin aikinka ko fiye a bakin mutane shike.

Kafin ka tunkari kowa, ka je ka gaida mai unguwa. Wanga mataki kada ka tsallake shi. Duk wanda ya ga baƙo shina zagaya hili shina tambayar wa ke da nan a da, shina ɗaukar hoto da waya, abin da zai fara zo mishi a rai shi ne rigimar hili ce ko ta gado, kuma daga nan bakin kowa ya rufe. Ka ce mishi Baba ni ɗan wane ne na unguwa kaza, labarin wurin wasan nan na da nike son rubutawa don yaranmu su sani, ba ni da wata magana kan hili. In ya gamsu shi da kanshi zai ce maka je ka wurin wane, shi ya yi gadi nan, ko wance ita ke saida ƙosai a bakin ƙofa. Kuma a halin da ƙasa take ciki yanzu ka kiyaye ɗaukar hoto kusa da ma'aikatar gwamnati ko barikin soja ko jandarma, in hilin ya faɗa kusa da irin wuraren nan ka haƙura da hoton, ka zana taswira da bik a karne.

Sai neman mutane. Kowa zai ce maka ka tahi wurin iyalin mai wurin, kuma za ka je, amma ni shawarata kada su zama na farko. Ɗiyan mai wuri sau da yawa suna lakwal ko suna ƙanana lokacin, abin da sunka sani shi ne abin da ake faɗi a gida. Waɗanda sunka san cikin wurin su ne ƙananan ma'aikata: wanda ke share keji, mai gadi, mai yanka tike a ƙofa, mai waldan da ke gyara lilo in ya karye, mai kula da gurup in wutar Nigelec ta ɗauke. Ka nemi mahaucin da ke kai nama, shi wannan in ka same shi ka samu taska, domin babban zaki shina cin nama kilo 5 zuwa 7 a rana, kura ma ba ta wasa, to wanda ke kai naman ya san dabba nawa ke akwai, ya san watan da anka fara cin bashi, ya san ranar da anka ce mishi ya rage. Haka mai kawo ciyawa da harawa da dusa a amalanke, haka likitan dabbobin da ake kira in barewa ta kwanta. Ka tambayi tsofaffin mahalba da gardawa masu wasa da kura, don sau da yawa ta hannunsu dabbobin ke zuwa. Kada ka manta da mata, wallahi su sunka fi riƙe labarin ranar sallah, wace ta ɓata a cikin taro anka yi ta cigiya, nawa ake ba kowane yaro, wane zane ake yayi shekarar. Sannan malaman lakwal da sunka taɓa jera ɗalibai su kai su kallo, su galibi suna tuna aji da shekara daidai.

In ka zauna da tsoho kada ka fiddo waya nan take. Ku gaisa sosai, ka kai goro ko sukari da ganyen shayi, ka bari hira ta ɗauko, sannan ka ce Baba ko ka yarda in ɗauki muryarka don kada in manta. In ya ce a'a to a'a ce, ka rubuta da hannu. In ya yarda ka sa wayar a yanayin jirgi don kira kada ya katse, ka fara da faɗin ranar da wurin da sunan wanda kake hira da shi. Ka nemi wuri nesa da injin niƙa da ƙarar kabu-kabu. Kuma ka yi hira da mutum shi kaɗai, don in ka yi a fada ko majalisa wanda ya fi baki shi zai cinye zancen, sauran su yi ta cewa haka ne haka ne alhali kowa da abin da ya gani.

Tambayar ma akwai yadda ake yinta. In ka ce akwai zaki ko? zai ce akwai, don ya faranta maka. Ka ce mishi in mutum ya shigo ta ƙofa mi zai fara gani, daga nan sai ina, hannun dama mi ke akwai, ina ruwa yake, ina ake zama. Ka bar shi ya zagaya da kai cikin wurin da bakinshi, kai kuwa kana zanawa. In ka yi haka da mutum huɗu ko biyar ka haɗa zanen za ka ga taswirar wurin ta fito da kanta, inda sunka saɓa kuma ka sa alama ka sake tambaya. Game da dabbobi ka sani ƙwaƙwalwar yaro tana ƙara ma abu girma, kejin da ya gani kamar gida ƙila bai wuce ɗaki ba, kuma sunaye suna cakuɗewa, wani duk kyanwar daji mai ɗigo-ɗigo damisa zai ce, wani ya haɗa barewa da gada da mariri wuri guda. Ka sauke hotunan dabbobin a wayarka ka nuna, ka ce wanne ne a ciki. Wanda ya ce ya ga raƙumin dawa ka bi maganar a hankali, dabba ce mai wuyar riƙo ƙwarai, a ƙasarmu a yankin Kure suke kusa da Yamai, sai a 2018 anka kwaso guda 8 zuwa gandun dajin Gadabeji a nan jiharmu, kuma aikin ya ci manyan motoci da likitoci. Zai yiwu a gidan tarihin Yamai ko gidan zu na Kano ya ga abin da yake faɗi, shekaru sunka haɗe mishi wuraren biyu. Maraɗawa da yawa sun je gidan zu na Audu Bako a Kano wanda anka buɗe a farkon shekarun 1970, wasu kuma sun je gidan tarihin Yamai, wato Musée, da anka kafa a 1959 wanda yanzu ke ɗauke da sunan Bubu Hama, to dole ka riƙa tace wanne labari na ina ne.

Inda aikin ya fi wuya shi ne shekara. Tsohonmu ba zai ce maka 1986 ba, kuma in ka matsa mishi zai jefo maka lamba don ka ƙyale shi. Abin da za ka yi shi ne ka rubuta jerin abubuwan da kowa ya sani a bangon karnenka ka riƙa auna labari da su. Farin 1973 zuwa 1974 da juyin mulkin Seyni Kunce a Afrilun 1974. Yunwar 1984 da mutanen nan ke kira El Buhari, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka. Rasuwar Kunce a Nuwamban 1987 da hawan Ali Saibu. Babban taron ƙasa na 1991. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994. Juyin mulkin Bare a 1996 da kashe shi a 1999. Zamanin Tanja, yunwar 2005, sai Maradi Kwalliya a 2015 da anka yi gine-gine da tituna gari ya sake kama. Sai ka ce Baba lokacin da anka kawo kadan nan Kunce na da rai? An riga an yi El Buhari? Kai lokacin ka yi aure? Ɗanka na fari an haife shi? In ya ce matata na goyon wane, to ka samu, don shi wanen shina da takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa. Haka kuma ka tambaya sallar a wane yanayi ta faɗo, da sanyi ne ko da zahi ko cikin damina, tunda watan Musulunci shina ja baya da kwana 10 ko 11 duk shekara, wanga kaɗai zai iya rage maka tazarar zuwa ƴan shekaru.

Maganar kuɗin shiga ma ka yi hattara. In tsohuwa ta ce dala biyar muke biya, ka rubuta yadda ta faɗa sannan a gefe ka sa 25F, dala ashirin 100F, jika 1000F, don yaran da za su karanta nan gaba kada su ɗauka wani abu daban. Ka tambaya kuma kafin karyewar sefa ne ko bayanta, kuma da wannan kuɗin mi ake iya saye a lokacin, tiyar hatsi nawa take. In ba haka ba lambar ba ta gaya ma kowa komi.

Hotuna. Kusan duk irin wuraren nan akwai mai hoto da ke tsayawa ranar sallah, yara su jeru gaban keji ko kan lilo a ɗauka. Hotunan suna nan cikin albam da ƙasan akwati da cikin kwallar uwaye. Kada ka ce a ba ka aro, mutane sun sha ba da hoto bai dawo ba, kuma gaskiyarsu. Ka ɗauka da wayarka nan gabansu, a inuwa ba cikin rana ba, ba tare da filashi ba, ka ɗora shi kan tabarma ko farin zane ka tsaya daidai samanshi. Ka juya bayan ma ka ɗauka, nan ake samun hatimin mai hoto wani lokaci har da kwanan wata. Kada ka tsaya kan fuskokin da ke gaba kaɗai, ka buɗe hoton ka duba baya: allon da anka rubuta kuɗin shiga, irin ginin keji, itacen da ke tsaye, motar da ke waje. Ka nuna ma Hajiya hoton ka ce wanga atamfa mi sunanta, yaushe anka yi yayinta, za ka sha mamakin yadda za ta ba ka shekara kusan daidai. In tsohon mai hoton na raye ka neme shi, wasunsu har yau suna da nagatif cikin kwali.

Takardun hukuma ba su da yawa amma ka gwada. A ma'aikatar magajin gari da ofishin safiyo za a iya sanin yaushe anka yanka hilin. Ma'aikatan gandun daji su ke da hurumin namun daji, akwai dokar farauta da kare namun daji mai lamba 98-07 ta 1998, riƙe irin dabbobin nan sai da izini, to ƙila akwai wata takarda ko wani tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya da ya taɓa zuwa duba wurin. In kana da hanyar Yamai, tsofaffin jaridun Le Sahel da Sahel Dimanche suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, ka duba na kwanakin sallah da na 18 ga Disamba ranar bikin jamhuriya. Ka rubuta takardar neman izini da faransanci, ka yi haƙuri da jeka-ka-dawo. Wanda ke da kwamfuta kuma ya sauke Google Earth Pro, akwai ɗan agogo a sama da ke maida hoton tauraron ɗan'adam baya, galibi zuwa shekarun 2000, za ka iya ganin lokacin da itatuwa sunka ɓace gidaje sunka fito. Wanda ya fi haka tsufa sai hotunan jirgin sama na hukumar taswira ta ƙasa, IGNN.

Ka je hilin da ƙafarka tare da ɗaya daga cikin tsofaffin ma'aikatan, da izinin masu wurin na yanzu. Abin da ya fi daɗewa shi ne itace da siminti, tsohon bedi ko tsamiya, bakin rijiya, kwamin da kada ke kwanciya, guntun ƙarfen da anka kafa lilo. Mutum in ya tsaya a wurin sai ka ji shina fiddo labarin da bai tuna ba a gida.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce mi ya kashe wurin, kuma kada ka karɓi amsa guda. Za a ce maka mai shi ya rasu, ko an yi mishi asiri, ko wani yaro ya ji ciwo. Ka bi lissahin da kanka. Dabba tana ci kullum, safe da yamma, shekara duka, amma cinikin kirki sai ƙaramar salla da babbar salla da ƴan kwanakin hutu, to wata goma daga aljihun mai wurin ake ciyarwa, ranar da kasuwancinshi na waje ya girgiza wurin ya girgiza. Kayan wasan daga waje ake kawo su, bayan 1994 duk abin da ake sayowa da kuɗin waje kuɗinshi ya ninka, ƙarfe ɗaya ya lalace sai a ɗaure injin da igiya a bar shi. Gari shina faɗaɗa, hilin da ke bayan gari jiya yau ya zama tsakiya, kuɗin kanti ɗaya ya fi abin da lilo zai kawo a shekara, ga magada da yawa kowa na son rabonshi, kuma hakkinsu ne. Sannan bidiyo ta zo, parabol ta zo, waya ta zo. Ko Belle Vue da girmanta asara ce ta rufe ta. Ka tambayi kowa nashi dalilin ka jera su, mai karatu ya gani.

Kuma don Allah ka tambayi ƙarshen dabbobin. Wanne anka saida, wanne anka kai wani gidan zu, wanne anka yanka, wanne ya mutu da yunwa cikin keji bayan an daina zuwa. Wanga ɓangaren ba shi da daɗin ji, tsohon ma'aikaci zai iya yin shiru ko idonshi ya kawo ruwa don shi ya san su ɗaya bayan ɗaya, amma ka rubuta shi. Mun san abin da addini ya ce kan wanda ya tsare dabba bai ba ta abinci ba bai kuma sake ta ba. Duk wanda zai buɗe irin wanga wuri gobe ya kamata ya karanta yadda na jiya ya ƙare kafin ya sayi keji.

Sai dai akwai abin da za ka ji wanda ba na bazawa ba ne. Bashin da mamaci ya bari, rigimar ƴan uba, sunan yaron da ya ji rauni, wanda anka kora don sata. Ka ajiye a karnenka in ya taimaka maka ka fahimci abin da ya faru, amma kada ka sa sunan kowa a Facebook kan irin wannan. Kafin ka fidda komi ka koma wurin iyalin, ka zauna da babbansu ka karanta mishi, ka ce Alhaji ga abin da na tara kan aikin mahaifinku, in akwai gyara a faɗa mini. Ba dole ka goge gaskiya don wani bai so ba, amma su ji daga bakinka kafin su gani a waya.

Wajen rubutawa ka raba abu uku kada su cakuɗe: abin da takarda ko hoto ya nuna, abin da mutum ya gani da idonshi, da abin da ya ji an ce. In mutum biyu da ba su zauna tare ba sunka faɗi abu guda, ka riƙe shi da ƙarhi. In ɗaya ne kawai ka ce wane ya ce. Ka rubuta da Hausa yadda anka ba ka labarin, in kana so ka yi na faransanci daga baya, kuma ka karanta shi da murya ka tura a WhatsApp saboda yawancin waɗanda sunka ba ka labarin ba karatun boko suke ba. Muryoyin da hotunan kada ka bar su a waya ɗaya, waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta. Ka sa kowane fayil suna da kwanan wata, ka kwafa a kile biyu da imel, ka ba iyalin kwafi, ka kai ɗaya ɗakin karatun jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko wurin wani malamin tarihi da ka yarda da shi, a Yamai ma akwai cibiyar CELHTO da aikinta kenan tattara tarihin baka. In ka samu hili a wata rediyo mai zaman kanta ta nan gari a karanta, ka ba da lambar da za a same ka, kuma ka tanadi shafuka a karnen don masu kira, akwai wanda zai ce ba haka ba ne shi shina wurin ranar da anka kawo jiminar, akwai wadda za ta ce tana da hoto, ka rubuta sunan unguwarsu ka bi su a satin.